Kayen da Na Kai Ƙauye

Tun ranar da jikata ta shigo gida da littafin nan ban sake samun zama ba. In na shimfiɗa tabarma a gindin bedi sai in ji kamar da ƙaya a ƙarƙashinta. In na tashi na nufi majalisa sai in wuce ta ban tsaya ba, in na dawo gida kuma in rasa abin da na fita nema. Uwargida ta ce ko hawan jini ne, in je a auna ni. Na san ba hawan jini ba ne. Littafin yara ne kawai, mai zane-zane, irin wanda ake ba su aro a kwaleji, kuma abin kunya ne a ce shi ya hana tsoho kamata sukuni.

Bana ta shiga sizyam, ajin farko na kwaleji. Na tarar da ita kwance a tsakar gida tana ta ƙyaƙyata dariya ita kaɗai, har da buga ƙafa. Na ce, “Ke, aljanu ne ko maki mai kyau?” Ta ce, “Tsoho, zo ka ga wanga malami, wallahi kamar mushenmu na lissahi!” Na karɓa na duba. Labarin wata yarinya ne da jakar littattafai ta fi ta girma, takalminta ya tsinke ranar da aka kira ta gaban allo, ƙawarta ta koma zama da wasu, malami yana magana yawu na sauka kan na layin gaba. Takarda mai santsi, launi har da na ruwan goro. Na yi murmushi, don wahalar ɗan sizyam ba ta canza ba. Amma fuskokin ne suka tsaya mani a rai, duk sumul kamar ƙwai. Na ce mata yaya ake gane wane da wane a nan? Ta ce da kitso mana, da riga. Na ɗaga kai na dubi tata fuskar, ita ma sumul, askar wanzami ba ta taɓa bi ta kai ba.

Mu a zamaninmu fuska ita ce takardar mutum. Kafin baƙo ya gama sallama dattawa sun karanta kumatunsa, sun san gidan da ya fito da wanda zai yi wasa da shi. Haka na tashi a wani ƙauye can gefen Bawdeta, inda tun asuba ba ka jin komai sai amon turmi da kukan igiya a bakin rijiya. Da na ci jarrabawar fita firamare aka ce an tura ni kwaleji a Tasawa. A lokacin ba kamar yanzu ba ne da kusan kowace karkara ke da tata kwalejin. Ɗan ƙauye in ya ci, sai an nemo masa titer a birni, wato mai masaukin da zai riƙe shi ya ciyar da shi. In babu titer babu karatu, ko da kanka ya fi na kowa. Na ga masu ƙwaƙwalwa da yawa da suka koma gona ba don sun faɗi ba, sai don ba su da inda za su ajiye tabarma. Ni Allah ya taimake ni, babana yana da amini a Tasawa, mai kiwon raguna yana sayarwa gab da layya. Ranar da ya kai ni, abin da ya faɗa mani a ƙofar gidan bai wuce wannan ba: “Abin da aka ba ka ka ci, abin da aka sa ka ka yi, bakinka kuma ka bar shi a aljihu.”

Na tarar da wani yaro a ɗakin zaure, dogo, siriri, ɗan makiyaya daga wajen Alasan Mairairai. Sambo muke ce masa. Shi ba shi da kowa a garin, direktan kwaleji ne ya roƙi maigidan ya karɓe shi don Allah. Mu biyu muka raba tabarma ɗaya da aiki ɗaya. Kafin a buga ƙarfen makaranta, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a icce, sai mun cika randuna huɗu, mun share turken raguna, mun jiƙa musu dusa. Har yau in na ji an buga ƙarfe da safe gabana sai ya faɗi, don kullum yana samun mu ne da guga a hannu. Mu ruga a guje, mu tarar sirbeyan, mai tsaron ɗa'ar makaranta, yana tsaye bakin ƙofa da tsumagiya. Da rana mu dawo mu yanko harawa. Tuwo kuwa ƙwarya ɗaya ce tsakaninmu, in ka sa hannu sau biyar na shida ƙasan ƙwarya za ka taɓo. Ragunan nan suna ta sheƙi, wuyansu na ninkewa, mu kuwa wandunanmu sai da muka ƙara musu igiya. Yaran yanzu in sun dawo ba a gama abinci ba sai su ɓata rai su shige ɗaki. Mu kanzo muke fatan a manta da shi a tukunya.

Sambo ba ya yawan magana, Hausarsa ma a hankali yake jan ta. Amma in ka ba shi bik, wato biro, da takarda sai ka riƙe cikinka. Ya sami wani kaye, littafin rubutu mai bango shuɗi, ya fara zana rayuwarmu a ciki. Ga sirbeyan da tsumagiya ta fi shi tsawo yana bin wani yaro har cikin masai. Ga mushen Faransanci yana barci a kan tebur, ƙuda na yi masa dikte, wato shifta. Ga ni nan gaban allo, gumi ya taru a ƙafafuna har kwaɗi sun shigo. A ƙasan kowane zane sai ya rubuta magana da Faransancinmu na ƴan sizyam, ya sa wa kowa sunan ƙarya. Lokacin shan iska mukan taru bayan aji mu bi kayen shafi-shafi, wanda aka zana shi ya fi kowa dariya, don shiga kayen Sambo girma ne. Yunwa ba ta tafi ba, bulala ba ta ragu ba, amma in aka zane ka da safe sai ka ji sauƙi, ka san gobe za ka ga abin a takarda ka yi dariya.

Abu ɗaya ne Sambo bai iya ba, bai iya fuska ba. Kowa da'ira yake yi masa da ɗigo biyu. Da muka yi masa tsiya sai ya ce, “Mu a ruga da shaida muke gane saniyar wani gida, ba da kyan ido ba.” Daga nan ya shiga sa wa kowace da'ira tsagar mai ita. Wannan mai bille, wancan mai ƴan baka, ni da nawa uku-uku. Bai taɓa kuskuren ko layi ɗaya ba. Maigidanmu kuwa yana da wata tsaga a kumatun dama da hannun wanzami ya goce tun yana jariri, ta karkace ta rabu biyu a ƙasa. Duk Tasawa shi kaɗai ke da ita. Sambo ya ba shi shafi biyu cur. Ya zana shi zaune kan buzu da wani ƙaton rago sanye da hula, suna cin tuwo a akushi ɗaya, ga yara biyu ɗaure a turke suna tauna harawa, haƙarƙarinsu a waje. Ya rubuta Sarkin Raguna a ƙasa. Mun yi dariya har na shaƙe. Ba mu ji tsoron komai ba, don a tunaninmu Faransanci shi ne kwaɗon da muka kulle sirrinmu da shi, kuma babu mai karanta shi a gidajenmu. Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa zane ba ya bukatar lakwal, wato karatun boko, ba.

Duk da haka akwai doka: kayen ba ya fita daga makaranta. Muna ɓoye shi a wani rami cikin katangar bayan aji, mu toshe da ɓallin bulo, kuma ni da Sambo kaɗai muka san wurin. Da hutun tsakiyar shekara ya zo, Sambo ya riga ni tafiya, ya bi wasu danginsa da suka zo kasuwa. Ni kuwa na tsaya gaban katangar nan ina ta saƙe-saƙe. A ƙauye samarin da muka tashi tare sun fara yi mani kallon rago, su sun yi damatsa a gona, ni na dawo kamar sillen kara. Ina son in nuna musu cewa mu ma muna da abin da ba su da shi. Ba yunwa ta sa ni ba, ba mugunta ba, son a yaba mani ne kawai. Na zare bulon, na cusa kayen cikin riga, na ce zan mayar kafin ya dawo.

Kwana biyu ina sarauta a ƙauye. Rana ta uku da hantsi muna ƙarƙashin rumfa, samari sun kewaye ni, sai ga babana ya dawo daga gyaran rumbu, hannunsa duk laka. Ya ce, “Mi ke ba ku dariya haka?” Ya goge hannu a riga ya karɓa. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, don haka ban damu ba. Ya ga sirbeyan ya yi dariya, ya ga kwaɗi ya yi dariya har da tari. Sai ya buɗe shafin raguna. Na ga dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya kai kayen kusa da ido, ya sa babban yatsa kan tsagar nan da ta rabu biyu, sa'an nan ya gangara kan yaran da ke turke, ya tsaya kan mai uku-uku. Ya daɗe. Ya ɗago ya dubi wuyana da igiyar wandona kamar ranar ya fara ganina. Ya ninke kayen ya sa a aljihu, kuma ranar bai ci tuwon rana ba.

Da hutu ya ƙare ya ɗora wa jaki buhu biyu na hatsi, ya ce tare za mu koma. Shekarar damina ba ta yi kyau ba, na san abin da buhu biyun nan suke a rumbunmu. Muka isa bayan azahar. Maigida yana zaure da abokansa biyu, Sambo ya riga ya dawo yana jiƙa dusa. Aka gaisa, aka sha ruwa, babana ya sauke buhunan a gaban kowa. Shi a zuciyarsa gyara ya zo yi, ba tare da ya ce uffan ba. Bai lura ba cewa kai wa mutum hatsi gidansa a gaban baƙi magana ce da ta fi ta baki.

Maigida ya ce, “Wanga hatsi hwa, na mi ne?”

Babana ya ce, “Na yara ne. A ƙara musu.”

“Wa ya ce maka ba su ƙoshi gidana?”

“Ba wanda ya ce.”

“To mafarki ka yi? Shekara nawa muna tare, ka taɓa kawo mani ko zangarniya? Gaya mani wanda ya kai maka magana.”

Babana mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko ta ceton rai. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro kayen. Maigida ya buɗe kayen, ya kai shafin. Na ga hannunsa ya tashi da kansa ya taɓa kumatunsa na dama. Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da an rufe shi. Amma ɗaya daga cikin abokan nasa ya leƙo, ya ga ragon da hula, dariya ta kuɓuce masa ta hanci kafin ya danne. Wannan ƴar dariyar ita ta yanke hukunci.

Maigida ya ce, “Wa ya yi wanga aiki?”

Wallahi ban buɗe baki ba, kuma shekaru da yawa da wannan nake lallashin kaina. Na dai juya na dubi Sambo, yana tsaye bakin ƙofa da dusa a hannu, kuma duban ya isa.

Maigida ya ce wa babana, “Ɗanka ɗana ne, ko cikin kasuwa ya zage ni nan zai kwana. Wanga kuwa don Allah na amshe shi, ga abin da ya saka mani. Shi ɗauki kayanshi.” Babana ya roƙe shi, ya ce laifin nasa ne da ya kawo takardar, ya ce yaro ne, wasa ne. Maigida ya tashi ya shige cikin gida da kayen a hannu, ban sake ganin kayen ba. Sai da na girma na riƙe gida na fahimci mutumin nan. Bakuna sun yi masa yawa, ragunan su ne duk abin da ya mallaka, kuma tuwon da ke gabansa bai fi namu kauri ba. Ba azzalumi ba ne, talaka ne da aka yi wa dariya a zaurensa.

Sambo ya bi gida-gida yana neman masauki. Amma labari ya riga shi, kuma wa zai ajiye yaron da zai zana shi da rago? Direkta ya gwada, bai samu ba. Ya koma kwana a rumfunan tasha, yana zuwa aji da riga ba wanki, yana gyangyaɗi a kan tebur. Nakan ɓoye masa ɗan tuwo a leda, ya karɓa ya ce na gode. Bai taɓa tambayata yadda kayen ya je ƙauyenmu ba, ni kuma ban taɓa faɗa ba. Wata ranar kasuwa ya bi danginsa, washegari wurinsa a benci babu kowa. Abin da ya fi ci mani rai shi ne, daga ranar aka ƙara mani tuwo, kuma ƙwaryar ta zama tawa ni kaɗai. Na ci, na ƙoshi, na yi ƙiba, na ci birebe, jarrabawar fita kwaleji, na zama malamin makaranta har na yi ritaya. Duk abin da na zama, a kan rabon yaron nan na gina shi.

Na yi zaton na binne wannan. Sai ga littafin jikata, da sunan wanda ya zana shi a bango da manyan baƙaƙe, ana karanta shi a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Na ce a raina, namu ya fi wannan ban dariya, kuma ni na kashe shi. Shi ya sa na kasa zama. Na fara zuwa kasuwar dabbobi ba saye ba sayarwa, ina tambayar duk wanda na gani da malfa da sanda ko ya san wani Sambo da ya taɓa yin kwaleji. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa mushe. A mako na uku wani dillalin shanu ya ce ya san shi, yana nan da rai, rugarsu na arewa da Alasan Mairairai kusa da wata rijiya. Washegari da sassafe na hau motar Mayahi, daga can na ɗauki kabu-kabu, muka yi ta nutsewa cikin rairayi muna turawa.

Na same shi zaune a inuwar aduwa yana tufka igiya. Ya tsufa, ya ƙara tsawo ko ni na ƙara gajarta. Na yi sallama ya amsa, ya dubi kumatuna kafin ya dubi idona, ya kira sunana na yarinta. Na miƙa hannu, ya nuna mani tabarma da haɓa, ya ci gaba da tufkarsa. Aka kawo nono na kasa sha. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu.

Na ce, “Sambo, ni na ɗauke kayen.”

Ya ce, “Na sani. Mu biyu muka san ramin.”

“To mi ya hana ka tambaye ni?”

“In na tambaya ƙarya za ka yi. Sai in rasa masauki in rasa aboki rana guda.”

Na ce ya yafe mani. Ya juya ya yi kira da Fulatanci. Wata yarinya ta fito daga bukka, ba za ta wuce sa'ar jikata ba, ta durƙusa ta gaishe ni. Ya ce jikarsa ce, bana ta ci jarrabawar shiga sizyam, ita ta zo ta ɗaya a makarantarsu. Amma kwaleji na da nisa da ruga, su kuma sun kusa tashi da shanu, kuma babu gidan da za a bar ta. Wata biyu ke nan da aka koma makaranta, tana zaune.

Ya ce, “Yahiya ba ta da wuya, wannan na yi ta tun ba ka yi gemu ba. Ɗaki nake tambaya. Kana da ɗaki?”

Na ce, “Ina da ɗaki.”

“Da tuwo?”

“Da tuwo.”

“To ka auna mata da kyau. Hannuna gare ta, kuma ita ta iya fuska.”

Na buɗe baki in yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ne, sai da na sa bakin rawani na rufe ido. Ya ce wa yarinyar ta je ta ɗaure kayanta, yau za ta bi ni. Ya ajiye igiyar, ya karkaɗe tafinsa a gwiwa, sai a lokacin ya miƙo mani hannu.